Yadda Ɗanmalam Ya Raba Bibliyotek a Belbeji

Ni dai ƙosai nake soyawa. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ban taɓa ce wa kowa na yi ba. Na fara da wannan ne don ku san inda laifina ya tsaya, domin har yau akwai masu wucewa ta gaban kaskona suna harara ta kamar ni na hana damina sauka. Sunana Sakina. Shekara tara ke nan ina zaune a ƙofar buro, wato ofishin Ƙungiyar Makiyaya ta Rijiya Ɗaya a nan Belbeji, duk abin da zai shiga ko ya fita ta gabana yake bi.

A bazarar bara ne, wadda ciyawa ta ƙare tun da wuri, shanu suka koma ƙashi da fata, in saniya ta kwanta sai an taru an kama wutsiya an ɗaga ta. Wani poroje, irin ƙungiyoyin agajin nan, ya yi alkawarin kawo kamiyo guda na dusa, wato babbar mota cike, ranar Alhamis, da sharaɗi ɗaya. Sunayen magidanta ɗari uku da goma sha biyu, waɗanda aka yi wata biyu ana bin rijiya-rijiya ana rubutawa a babbar rajista, kowane shafi da hatimin poroje, dole a zuba su a ordinatar, wato kwamfuta, cikin wani abu da suke kira rumbun bayanai. Wanda sunansa ya fito a na'ura ya ɗauki buhunansa. In la'asar ɗin Alhamis ta yi ba a gama ba, kamiyo ya wuce Tenhya.

Poroje ya aiko da ordinatar da wani ɗan abu kamar yatsa da suke ce wa kile, aka ce rumbun na ciki a shirye, sawa kawai za a yi. Har ma sun ce za su turo ma'aikaciyarsu ta saka. Nan ne Ɗanmalam ya miƙe a taro.

Ɗanmalam, in ba ku san shi ba, sati uku ya yi a wani shagon fotokofi a Damagaram, ya dawo mana da tabarau marar magani da baƙar jaka, ya ce daga yau Anjenyar ne sunansa, wai injiniya. Shi ne ya taɓa gyara wa ladan lasifika, unguwa ta yi sati tana sallah da hasashe.

Ya ce, "Shugaba, ina raye a garin nan za a ɗauko mutum tun daga Damagaram don ya danna mana maɓalli? Ai an ci mutuncin ƙasarmu ta Damargu kaf!"

Shugaban ƙungiya, Alhaji Hamidu, ya san saniya tun daga kofato har ƙaho, amma na'ura in ta yi ƙara a'uziyya yake yi. Ya ce, "Ɗana, ka tabbata za ka iya?"

"Haba Shugaba! Hanyar rafi kake tambaya, ga agwagwa a gabanka?"

Alhaji ya buga waya ya ce wa poroje su bar ma'aikaciyarsu ta huta, muna da gwani. Allah ya gafarta masa, da kyakkyawar niyya ya yi.

Ran Litinin da safe wata tsohuwa ta sauka daga jaki a gindin bishiyar da nake suya. Tata ake ce mata, daga wajen Tenhya ta arewa take, kwana biyu ta yi a hanya. Shanunta ashirin da ɗaya ne a da, saura huɗu, biyu ma ba sa iya tsayuwa. Ta ce mini, "Ɗiyata, an ce a nan ake ba da dusa." Na ce sai Alhamis, Inna. Ta shimfiɗa buzunta ta ce to, ai ba ta da wurin zuwa.

A cikin buro kuwa Anjenyar ya buɗe taga don jama'a su ga aiki. Ya ɗaga kilen nan da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya jefa a jaka.

"Wannan dafaffen tuwo ne, na raggaye. Anjenyar na gaskiya daga tushe yake gina rumbunsa. Zan sauko da ɗanyen kayan daga rezo, wato intanet, in harhaɗa da hannuna."

Na leƙa ta taga na ce, "Ɗanmalam, in an ba ka ƙosai da zafinsa, sai ka ce a'a, gona za ka ka shuka wake?"

"Sakina, ki tsaya a kan kaskonki. Wannan ba aikin mai da barkono ba ne."

Ya hau rufin buro da waya a hannu yana farautar rezo har rana ta take. Ya sauko ya danna nan ya danna can, sai rubutu ya fara gudu a allon na'urar, fari a kan baƙi, ba tsayawa, tun daga azahar har bayan la'asar. Mutane suka cika taga suna salati. Shi kuwa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana gyaɗa kai, wai hira suke yi da ita. Da rubutun ya tsaya ya miƙe ya gyara tabarau, ya ce a kira Shugaba ya zo ya ga haihuwar rumbu. Alhaji ya zo, ya yi bisimilla. Ɗanmalam ya ɗaga yatsa sama, ya sauke a kan maɓalli.

Layi ɗaya tak ya fito. Na'ura ta yi shiru.

Alhaji ya ce, "Ya haihu?"

"Saura kaɗan. Gaisuwa ce take yi."

Gaisuwar da Ingilishi ta zo, shi kuwa Anjenyar ɗinmu Ingilishinsa bai wuce na jikin kwalin shayi ba. Ya juya mana baya ya sa waya ta mayar masa da ita Faransanci. Sai ga shi ya washe baki.

"Af! Ashe ƙaramin abu ne. Cewa ta yi ba ta ga bibliyotek partaje ba."

"Mene ne kuma wannan?"

"Bibliyotek, Shugaba, ɗakin littattafai. Na'ura ce mai ilimi, an kawo ta garin da ba a karatu, dole ta ji kewa. Gobe zan kawo mata."

Tata daga gindin bishiya ta ce, "Ita ma yunwa take ji?" Na ce da alama, Inna, amma ita takarda take ci.

Ran Talata tun da hantsi sai ga amalanken jaki cike da littattafai, Ɗanmalam a gaba kamar mai rakiyar amarya, a baya kuma Mushe Abdulhafiz (haka muke ce wa malamin boko, Mushe), diraktan wata lakwal da ya yarda ya ba da aro, yana tafe yana ƙirga su da ido. Aka jera wa na'urar littattafai dama da hagu, gaba da baya, har sama aka ɗora mata ƙaton ƙamus. Ya danna. Layin nan na jiya ya sake fitowa, ko wasali bai canja ba.

Mushe ya ce, "Malam Ɗanmalam, ni fa ban taɓa jin na'ura tana karanta littafi ta gefe ba."

"Mushe, kai yara kake koyarwa, ni na'ura nake koyarwa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ya ɗauko littafin lissafi ya buɗe a gaban allo yana juya shafi a hankali, wai ko tana so ta gani da idonta. Ya danna, shiru. Ya gwada na tarihi. Sai ya kanne ido ya matsa kusa da allon, ya buga cinya.

"Kai! Ashe ta ma faɗi adadi! Dubi ƙarshen sunan da ta rubuta, ɗigo, so, ɗigo, biyar. So biyar! Sau biyar take so a tashe ta!"

Mushe ya nemi benci ya zauna.

Ɗanmalam ya kashe ya kunna, jama'a na taya shi ƙirge ta taga. Ɗaya. Biyu. A na uku na'urar ta fara huci, don littattafan sun toshe mata duk inda take shan iska, ga zafin bazara. A na huɗu wani wari ya tashi kamar an ƙona roba, ta ɗauke ɗif. Masu taga suka watse da gudu, wani ya yi fatali da bokitin ƙulluna.

Anjenyar ya fito yana fifita na'urar da hularsa yana cewa, "Ƙailula ce! Ƙailula take yi, kowane malami yana yi!"

Mushe bai tsaya jin sauran ba. Ya kwashe littattafansa da kansa ya loda a amalanke, ya ce ko takardar alewa Ɗanmalam ya sake zuwa aro sai ya kira masa jandarma.

Da yamma Tata ta samu labari saniyarta ɗaya daga cikin masu kwanciyar ta mutu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Saura uku," ta ci gaba da jan carbi. Wallahi ranar na ji tausayinta har ƙosai ya ƙone mini a kasko, na kuma ji kamar in ɗauki matsamin nan in shiga buro.

Ran Laraba Alhaji Hamidu ya tafi Tanut taryen kamiyo. Kafin ya hau mota ya riƙe hannun Ɗanmalam ya ce, "Ɗana, rayukan dabbobin mutane na wuyanka." Ya ce, "Shugaba, tafi da zuciya ɗaya. Kafin ka dawo har sunan kakanninsu na zuba."

Na'ura ta farfaɗo, Allah ya taimake ta, amma ba ta canja magana ba. Gari kuwa ya cika maƙil da makiyaya masu jiran dusa, raƙuma da jakuna ko'ina. Wajen hantsi Ɗanmalam ya fito ƙofar buro da fara'ar mutumin da aka yi wa wahayi.

"Jama'a, na gano! Jiya rabin maganar na yi wa aiki. Ba bibliyotek kawai ta ce ba, partaje ta ce. Partaje a Faransanci rabawa ne. Na'ura ba ta son rowa. Sai an raba littattafai ga al'umma za ta buɗe!"

Wani Buzu mai rawani ya ce, "Mu dusa aka ce za a raba mana."

"Ilimi kafin dusa, Malam!"

Tunda Mushe ya tsere da nasa, sai ya buɗe kabad ɗin buro. Tsofaffin rahotannin poroje, takardun rigakafi, kalandun shekarun baya, ya yi ta miƙa wa mutane ɗaya-ɗaya, kowa na karɓa yana juyawa, wasu a kife. Ya koma ya danna. Layin dai na nan.

Ya ce, "Akwai abin da aka ɓoye. Rabon bai cika ba."

Ya sake laluben kabad, sai ya zaro wani ƙaton littafi daga can ƙasa, naɗe a cikin ƙyalle. Ko buɗewa bai yi ba. Ya waiga, ni ce kusa.

"Ungo, Sakina. Ke ma ki shiga sahun masu ilimi."

Na karɓa na ga shafuka manya-manya, takarda mai kauri wadda ba ta jin mai. Tun safe takardar naɗi ta ƙare mini, ga ciniki kamar ranar salla. Na ce, "Anjenyar, in yi abin da nake so da shi?" Ya ce, "Naki ne halak malak." Akwai shaidu, har yau suna raye.

Rajistar ce. Ni ban sani ba, tunda ban taɓa ganinta ba, kuma rubutu a wurina duk tafiyar tururuwa ne. Shi kuwa da ya kamata ya sani, kwana uku yana gina rumbu bai ko tambayi inda hatsin yake ba. Kafin la'asar na naɗe ƙosai da magidanta ɗari uku da goma sha biyu, bango kawai ya rage, shi ma na fifita wuta da shi.

Ran Alhamis da hantsi kamiyo ya iso, mata na guɗa. Alhaji Hamidu ya sauko tare da wata matashiya mai jakar goyo, Madam Radiya, ma'aikaciyar nan da aka ce ta huta. Suka shiga buro, mu kuma muka cika taga.

Ɗanmalam ya tare ta da bayani. "Madam, na'urarku tana da taurin kai. Na kawo mata bibliyotek, na raba, na tashe ta kusan so biyar..."

Ta dube shi, ta dubi allon. "Wa ya ce a gina shi daga tushe? Ina kilen da muka aiko?"

"Mu a nan ba ma cin dafaffe."

Ta ja kujera ta zauna, ta rubuta layi ɗaya, ta rubuta na biyu, ta danna. Rumbu ya buɗe. Ko ƙosai ɗaya ba zai soyu ba a lokacin da ta ɗauka.

Alhaji ya ce, "Ɗiyata, me ya hana ta tun Litinin?"

Ta ce, "Baba, bibliyotek ɗin da take nufi ba littattafai ba ne. Wasu ƴan kayan aiki ne a cikin na'urar, waɗanda shirye-shirye da yawa ke amfani da su tare, kamar turmin gidan yawa. Wanda ake nema sunansa ne ya ƙare da so da biyar. Yana nan ciki, shi da kansa ya ajiye shi lokacin da ya yi gininsa, sai dai a lungun da na'ura ba ta dubawa. Na nuna mata lungun ne kawai."

Ɗanmalam ya juyo wajen taga ya ce, "Kun ji ko? Ni na ajiye shi!"

Madam ta miƙa hannu. "To, a kawo rajista mu fara."

Alhaji ya buɗe kabad. Wayam, sai ƙyallen da aka naɗe ta. Ya dubi Ɗanmalam. Ɗanmalam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Daidai nan Tata ta kutsa ta shigo, don ta ji an ce an fara. A hannunta akwai sauran ƙosan da na ba ta sadaka jiya, a cikin takardarsa. Madam ta ƙura wa takardar ido, ta karɓa ta warware. Ga hatimin poroje nan ɓaro-ɓaro, mai ya jiƙa shi.

"Inna, ina kika samu wannan?"

Tata ta nuna ni. Ni kuma na nuna Anjenyar da hannu biyu.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa duka. Alhaji ya zauna a ƙasa daɓas yana innalillahi. Buzun nan na jiya ya fara naɗe hannun riga. Madam ce ta raba, ta ce duka ba zai dawo da suna ba, duk shafin da aka samo da hatiminsa za ta karɓa, amma la'asar na yi direba zai tashi. Aka sa mai shela ya zaga gari: duk wanda ya ci ƙosan Sakina jiya ya dawo da takardar! Ku ji irin tallan da aka yi mini.

Belbeji ta zama gidan tsintuwa. Dattawa masu rawani suna tonon juji da sanda. Wani ya ƙwato rabin shafi daga bakin akuya. Wata ta kawo nata ta riga ta kunna wuta da gefensa. Ni kaina na rufe kasko na bi lungu-lungu ina kuka. Ɗanmalam kuma aka ba shi tire ya tsaya a rana yana shanya shafukan, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Anjenyar."

Madam na ɗaga kowane shafi a haske tana karantawa da ƙarfi tana zubawa. Kafin la'asar an samu suna ɗari biyu da sittin da uku. Sauran ta ce ba ta da ikon ba su ko mudu ba tare da hatimi ba, za ta kai rahoto a sake rubuta su, ta dawo bayan sati biyu. Sati biyu a bazara, ga saniyar da ba ta tashi! Kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Sunan Tata bai fito ba.

Ta tsaya jingine da sandarta, ta ce, "Ɗiyata, duba da kyau. Tata, shanu ashirin da ɗaya aka rubuta." Madam ta duba, ta sake dubawa, ta girgiza kai. Saura shafi ɗaya a tire, wanda aka ciro daga ƙarƙashin sirdin raƙumi. Ta ɗaga shi ta karanta suna huɗu, babu Tata. Ta zo na biyar ta dakata.

"Ɗanmalam, wanda ake kira Anjenyar. Shanu goma sha biyu. Buhu uku."

Wurin ya fashe da dariya. Ɗanmalam da ko kaza ba ya da ita! Mutumin da in ya ga saniya ta nufo shi yake canja hanya!

Alhaji ya miƙe a hankali. "Ɗana, yaushe ka yi shanu ban zo barka ba?"

"Shugaba... ai gado ne. Na wajen kawuna."

"Suna ina?"

"Suna... suna daji. Can arewa. Na ba wata makiyaya riƙo."

"Wace ce? Duk makiyayan arewa ga su nan tsaye."

Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Buzun nan ya matso taku ɗaya. Gumi ya wanke wa Anjenyar tabarau.

Sai Tata ta ratsa mutane ta zo gabansa, ta ɗaga kai ta dube shi sama da ƙasa.

"Haba ɗan nan, har ka manta ni? Ai ni ce makiyayar. Tara sun mutu, saura uku, ka yi haƙuri."

Ta juya wajen Madam ta ce a rubuta an bayar. Madam ta dubi Ɗanmalam ta ce, "Mai shanu, haka ne?" Ya ce haka ne.

Tata ta buga sandarta a ƙasa ta nuna masa kamiyo.

"To ɗauko, ka ɗora mini a jaki. Ka yi sauri, shanunka na jin yunwa."